Kuɗi Kaɗan, Rairayi da Yawa

Duk wanda ya yi fataucin ƙaro a arewacin Yobe kafin rikici ya san ribar wannan sana'a a ƙafar mota take. Dakwara ga ta nan birjik a jigawar ƙasar Manga, tun daga Machina, ka bi ta Yusufari, har Yunusari da bakin iyakar Nijar. Akan tsaga ta bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, idan hunturu ya kankama ta fara fid da ƙaro, mata da yara su bi ta suna tsinka har bazara. Wanda ya iya kai kansa ƙauyen da ake tsinkar, shi ke sayen mai kyau da rahusa. Wanda ya zauna jira a kasuwar Gashuwa ko ta Nguru kuwa, abin da ya bi ta hannu uku zai saya, an gauraya masa na dakwara da na dushe, ya kai Kano a rage masa farashi. Matsalar ita ce da ka wuce Yusufari ka fuskanci arewa, zancen hanya ya ƙare. Sai sawun motocin da suka riga ka, shi ma idan iska ba ta shafe shi ba.

Shekarun farko a motar haya na yi su, tsofaffin Land Rover da Land Cruiser masu tashi ranar kasuwa kaɗai, mutane a saman buhuna, awaki a ɗaure a gefe. Ranar da direba ya ga dama ita ce ranar cinikinka. A 2006 na kwashi adashi, na sayar da bijiman da nake kiwo, maigidana na Kano ya cika mini sauran a matsayin rance, na sayi Hilux 'yar Kwatano, ƙirar farkon shekarun 1990, wadda lambar jikinta ke cewa LN106. Fara ce, a-kori-kura mai gida ɗaya, injin gas mai silinda huɗu da ake kira 3L, lita 2.8. Sifirin gaba da baya, aksil ɗin gaba sanda guda kamar na baya. Yadda kamfani ya ƙera ta haka take, ba wanda ya taɓa ƙara mata ko ƙusa. Da na gama da takardun kwastan da lamba, abin da ya rage mini 'yan sababbin takardun naira dubu ne, waɗanda suka fito a Oktoban 2005, ko aljihun 'yar ciki ba su cika ba. Kuɗin zai sayi babban abu ɗaya, ko ƙanana da dama, ba zai sayi duka ba.

Shawara kuwa ta zo kamar da bakin ƙwarya. Ranar da na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da ita, kowane mai shago da abin da yake ganin ya dace da ita. Wannan ya nuna garkuwar ƙarfe ta gaba, wancan ya ɗauko winci, wani ya jero fitilu huɗu na saman rufi, wani ya ce a ɗaga ta sama a sa mata manyan tayoyi masu ƙuraje. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Yallaɓai, mota irin wannan ai ba a shiga daji da ita tsirara." Ban ga laifinsu ba, kuma kayan nasu ba na banza ba ne. Wanda ke hawan Mambila da damina, ko mai ratsa dajin Gashaka inda taɓo ke kai wa ga ƙofa kuma bishiya tana kowane taku, winci a wurinsa abin ceto ne. Ni dai ba can na nufa ba.

Wanda ya daidaita mini tunani wani dattijo ne Bamange, tsohon direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Gaidam da Maine-Sorowa, har ya kan zarce Ngigmi a gaɓar Tafkin Chadi. Ƙarfi ya fara barinsa a lokacin, ya koma zaman tasha. Da na kai masa motar ya sa albarka, bai ko kalli fentinta ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya daɗe, sannan ya fito yana karkaɗe rigarsa.

"Ɗana, ina za ka da ita?"

Na ce masa Tulo-Tulo da Bulatura da Kaska, da ƙauyukan da ke tsakani.

"Me za ka ɗora mata?"

Na ce ƙaro, wani lokaci kanwa.

"To idan ta tsaya maka a can, wa zai zo?"

Na yi shiru. Wayar salula ta shigo Najeriya tun 2001, amma a wancan lokacin da ka bar manyan garuruwa sai ta zama agogo kawai. Ya ce, "To ka zauna ka lissafa abubuwan da za su iya tsayar da kai inda babu kowa. Wanda ya fi saurin kashe ka, shi za ka fara biya wa kuɗi. Na ado ya jira shekara mai albarka." Na ce, "Baba, ai kai za ka lissafa mini." Ya ce zafi, sannan taya, sannan ƙishirwa.

Saboda haka kuɗina na farko ba a ganin inda ya shiga. Wani bakanike a Gashuwa, mutum mai ƙarancin magana wanda hannunsa ya saba da injin gas, shi ya karɓe ta. Ya cire lagireto ya kai wa masu wanki, aka buɗe shi sama da ƙasa, aka zura tsinke a kowane bututu. Abin da ya fito daga ciki ya isa ya sa mutum ya yi godiya ga Allah da bai shiga rairayi da ita a haka ba. Mota a kan kwalta tana gudu, iska na bugun lagireto ta sanyaya shi. A rairayi kuwa injin na ihu, motar na rarrafe, iskar da ke shiga ba ta taka kara ta karya ba, ga rana ta watan Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙasar Nguru. A nan ne duk wani rauni da ke ɓoye yake bayyana. Su kuma waɗannan injuna na Toyota masu harafin L, duk ƙarkonsu, ba sa yafe zafi. Allura ta shiga ja sau ɗaya ka yi biris, kan injin ya tsage, kuɗin da za ka kashe ya ninka na wincin da ka yi sha'awa.

Ya canja tiyo na sama da na ƙasa, ya ba ni tsofaffin in ajiye a bayan kujera. Ya canja fanbel. Ya sa na sayi sabon murfin lagireto, ɗan abin da kuɗinsa bai kai na kwanon tsire ba a lokacin, ya kuma yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa yara: murfin ne ke riƙe matsi a ciki, matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai zafinsa ya doshi digiri 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ya bi ta tiyo ya zube, kai kana tsammanin injin ne ya lalace. Fankar motar irin mai mai a cikinta ce, wadda ke kamawa idan zafi ya tashi. Ya juya ta da yatsa ya ga tana walawala, ya buɗe ya ƙara mata man silikon. Yawancin kanikawanmu da mota ta shigo daga Turai abin da suke fara yi shi ne cire tamostat su jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Shi ya ƙi. Ya jefa shi a tafasasshen ruwa muka ga ya buɗe, ya mayar da shi mazauninsa. Na bi ra'ayinsa, kuma motar ba ta taɓa ba ni dalilin sauya shi ba.

Akwai gargaɗi guda da ya yi mini wanda sai ɗan ƙasar zai sani. Ruwan rijiyoyin da ke kwarin dabino da goruba na can arewa yana da kanwa. Mutum zai sha don dole, amma idan ka saba zuba wa lagireto, a hankali zai daskare a ciki ya toshe shi. Tun daga ranar na ware jarka guda ta ruwan mota, nakan cika ta da ruwan sama da damina, da rani kuma in nemi ruwan famfo mai daɗi kafin in bar gari.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Bel ɗin taimin, wanda Toyota ta ce a canja duk kilomita 100,000, babu wanda ya san yaushe aka canja shi a ƙasar da motar ta fito, kuma idan ya tsinke injin na tafiya bawul yake lanƙwasawa, don haka aka sa sabo. Filtar iska sabuwa, da wata ta ajiya. Filtar gas biyu, domin a ƙauye wurin 'yan bumburutu za ka saya, kuma ba kullum jarkarsu ke rabuwa da ruwa da ƙasa ba. Ya nuna mini ɗan makunnin da ke ƙarƙashin filtar inda ake tsiyaye ruwan, da famfon hannu da ke samanta na fitar da iska. Aka buɗe hob na tayoyin gaba aka wanke aka cika da giris, domin fowil ɗin da hob ɗinta ba ya kamawa suna kawai ta tara. Aka duba birki. Da na karɓi motar, rabin kuɗin ya tafi, kuma a ido babu abin da ya bambanta ta da ranar da na kawo ta. Abokaina na kasuwa suka yi ta tambaya ina gyaran da na ce zan yi.

Sauran rabin taya ta cinye kusan dukansa, kuma a nan ne muka fi daɗewa muna muhawara. Motar ta zo da tayoyin ƙasar sanyi, masu 'yan tsage-tsage sirara da hoton ƙanƙara a gefe. Robarsu taushi gare ta, an yi ta ne don ta kama titi mai ƙanƙara, zafinmu kuwa cinye ta yake yi. Dattijon ya sa yatsa a gefen ɗaya ya nuna mini lambobin da ke cikin ɗan zagaye. Tayar da aka yi daga shekarar 2000 lamba huɗu gare ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 1205 na nufin mako na 12 a 2005. Nawa lamba uku gare su, alamar tun kafin 2000 aka yi su. Zanensu na nan da sauransa, amma robar ta tsufa, gefen duk ya yi tsatstsage. A lokacin ana ƙera taya a ƙasar nan, Michelin na Fatakwal, Dunlop na Ikeja. Na farkon ya rufe a 2007, na biyun ya bi sahu a 2008, kasuwa ta ƙara cika da tayoyin Beljiyam. Har gobe ina ganin rufe waɗannan masana'antu biyu na cikin abubuwan da suka jawo mana asarar rayuka a hanya ba tare da an lissafa ba.

Masu shago sun so in ɗauki faffaɗa mai manyan ƙuraje, irin wadda ke sa mota ta yi kwarjini. Dattijon ya ce wannan tayar taɓo ce, aikinta ta tono laka har ta taɓo ƙasa mai ƙarfi. A tudun rairayi babu ƙasa mai ƙarfi da za ta taɓo, don haka kabarin motar za ta tona. Abin da ake so a can taya ce mai ɗan tsawo, marar faɗi sosai, mai lafiyayyen zane, mai kaurin gefe, filai takwas ko sama. Kaurin gefen saboda ƙaya ne. Ta aduwa doguwa ce kamar allura, ta dakwara kuma ƙugiya ce, ga kututturan da manoma suka sare iska ta binne. Ya kuma hana ni zarce ƙima wajen girma. Injin 3L doki 90 ne ko kusa da haka, babbar taya na cinye masa ƙarfi a daidai wurin da ake neman ƙarfin, ta ƙara wa kuloci da birki wahala, ta sa agogon gudu ya riƙa yi maka ƙarya. Na tsaya a rim 16 na ƙarfe da motar ta zo da su, domin rim ɗin ƙarfe idan ya lanƙwashe guduma na miƙar da shi, na alminiyam kuwa fashewa yake yi. Na sayi sababbi huɗu. Kuɗi bai kai na biyar ba, sai na zaɓi mai dama-dama cikin na hannu ta zama sifiya, na ƙara da tub biyu da kayan faci da ƙarfen cire taya.

Daga nan sai abin da ya fi komai arha kuma ya fi komai amfani a motar: gejin iska irin mai kamar alƙalami, da famfon ƙafa. Masu facinmu sun saba su ɗura wa taya 45 ko 50 su ce ta yi daidai. A kan kwalta da kaya hakan na da dalili. A rairayi kuwa taya mai tauri yankan ƙasa take yi tana nutsewa, kullum tana hawan ɗan tudun da ita kanta ta tara a gabanta. Idan ka sauke iskar zuwa 20 ko 18, tayar takan kwanta, sawunta ya yi tsawo, nauyin motar ya bazu. Dattijon ya ce in dubi tafin raƙumi yadda yake buɗewa idan ya taka, shi ke nan karatun. Ranar da na fara gwadawa a wani tudu da motocin haya ke sauke fasinja su tura, na sauke iska, na kulle hob, na sa ƙaramar giya, motar ta haye ba tare da na ji ta yi nishi ba. Na tsaya a sama ina mamakin yadda abin da ba a biya ko kwabo ba ya yi aikin da ake cewa sai an kashe dubbai.

Sai dai iskar da ka sauke bashi ce, dole ka biya kafin ka hau ƙasa mai ƙarfi. Taya marar iska idan aka yi gudu da ita zafi take ɗauka, tub ya goge, ko ya zame ya tsinke bakinsa. Ban da kuɗin kwamfaresa mai aiki da batir, don haka ni da yaron motata muke karɓa-karɓa a kan famfon ƙafa, taya huɗu, cikin rana. Aiki ne mai fitar da gumi, amma famfon ƙafa ba ya ƙonewa kuma ba ya shanye batir. Ko bayan da na sami halin sayen na lantarki ban sauke shi daga motar ba. Haka nan da an hau kwalta sai a cire fowil a buɗe hob, domin wannan ƙirar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, idan aka bar ta a haɗe a kan titi giyar ce ke ɗaurewa.

'Yan canjin da suka rage su suka sayi shebur mai dogon ƙota, da guntun katako mai kauri da ake ɗora jak a kai don kada ya nutse, da igiyar ja mai ƙarfi, da jarkoki na gas da na ruwan sha. Direbobin Sahara suna da faranti na ƙarfe masu huji-huji da suke shimfiɗa wa taya, irin waɗanda sojoji suka yi filayen jirgin sama da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Ni mai walda ya haɗa mini 'yan tsani biyu da ƙarfen kwana, na ƙara da tsofaffin tabarmin kaba, waɗanda a ƙasar goruba ba su da tsada. Ruwan sha kuwa ƙa'idar dattijon ita ce ka ɗauki na kwanan da ka yi niyya, ka ƙara na kwana biyun da ba ka yi niyya ba.

Wata rana da azahar, a hanyar Tulo-Tulo, muka tarar da wata babbar jif sabuwa ful ta kafe har ciki. Duk abin da aka nuna mini a Ƙofar Ruwa yana jikinta: garkuwa, winci, fitilu, tayoyin taɓo. Iyali ne daga birni za su ta'aziyya, da tsohuwa da yara ƙanana, ruwansu ya kusa ƙarewa. Direban ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja wayar wincin har ƙarshenta, amma babu abin da zai ɗaura wa sai wani ɗan tumfafiya, shi ma ya tumɓuke. Ana iya haƙa rami a binne sifiya a ɗaura mata, amma aikin sa'o'i ne a irin wannan rana, ga wincin na zuƙar batir. Da na sa geji a tayarsa sai na ga 50. Mai motar ya ce, "Malam, don Allah ka ja mu." Na ce, "Alhaji, in na matso kusa ni ma zan zauna. Bari mu gwada wani abu tukuna." Muka ba yaran ruwa, muka sauke iskar zuwa 15, muka kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da wanda cikin motar ya zauna a kai, muka cusa tabarmi da tsani. Na roƙi direban kada ya taka totur da ƙarfi, ya bar ta ta tashi a hankali. Ta fito da ƙafarta. Ƙarfen da ke gabanta kaɗai, garkuwa da winci, ya kai nauyin ƙaton mutum, kuma a kan tayoyin da suka fi nutsewa yake zaune. Tsohuwar ta yi ta sa mana albarka har muka rabu, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran, da abin da zai faru da ba a yi katarin wucewarmu ba.

Idan hira ta kawo kan irin wannan, dattijon yakan tuna yaƙin Chadi da Libiya. A farkon 1987, a Fada da Wadi Dum, sojojin Hissène Habré a cikin a-kori-kurar Toyota suka tarwatsa rundunar Gaddafi mai tankokin yaƙi, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. Shi ba ruwansa da siyasar abin. Abin da yake ɗauka a ciki shi ne rashin nauyi da sanin ƙasa sun rinjayi tarin ƙarfe. Daga wurinsa na koyi tashi da asuba, lokacin da rairayi ke da sanyi da ɗan ƙarfi, in huta da rana idan ya saki. Na koyi kada in canja giya a tsakiyar tudu, kada in taka birki da ƙarfi, in kuma tsaya a inda gaban motar ke kallon gangare. Daga wurinsa kuma na koyi ɗaukar ɗan jagora a duk ƙasar da ban sani ba. Ɗan abin da nake ba makiyayi ko ɗan ƙauye ya zauna a gaba yana nuna mini inda iska ta tara sabon rairayi, ban taɓa lissafa shi a cikin asara ba.

Sai da kakar ƙaro ta zagayo na biya rabin bashin maigidana sannan na taɓa ƙafafun motar. Kayanta na ƙa'ida wajen tan ɗaya ne, kuma da buhuna suka hau na ga bayanta na zama. Al'adar masu a-kori-kura ita ce a jibga sifirin uku ko huɗu a kowane gefe don a ɗora kayan mota biyu. Bakanikena ya ce ɗaya ya isa. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima ba ya lanƙwasa, duk dukan gargada sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi, kuma ya nuna mini wata a garejinsa da shasinta ya tsage a bayan gida saboda haka. Muka ƙara ganye ɗaya, muka canja robobi da ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, muka sa shokazoba sababbi. Zancen ɗaga ta sama kuwa a nan ya mutu. A mota mai aksil sanda guda, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun difiransha, shi kuma duk yadda ka ɗaga bodi yana nan inda yake, tsawon taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Abin da za ka samu shi ne mota mai tangaɗi idan ta ratsa gefen tudu da kaya a sama.

Fitila ta shigo lissafi ne ta wata hanya. Ba na tafiyar dare, don haka ban damu da ita ba, sai wani dare a wani ƙauye aka buga mini ƙofa, mace na naƙuda tun jiya abin ya ƙi. Babu wata mota a garin. Muka shimfiɗa katifa a baya, mijinta da ungozoma suka riƙe ta, ɗan jagora ya zauna kusa da ni. Tafiya ce da ba zan manta ba, ina bin sawu da hasken da bai wuce taku kaɗan ba, ina jin salatin matan a baya. Allah Ya kai mu asibiti a Gashuwa kafin gari ya waye, aka yi mata aiki, ita da jaririn suka rayu. A wannan daren allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba, taya ba ta yi faci ba, hob bai saki ba, kuma duk abin da na kashe a garejin nan na ga inda ya tafi. Da na koma na sa mai wayarin ya wanke mahaɗan wuta, ya sa rile, ya canja ƙwan fitilun da madubinsu da ya dushe. Hasken ya kusa ninkawa da kuɗi kaɗan. Daga baya na ƙara fitila ɗaya tak mai dogon zango.

Wannan rayuwa ta yanke ne ba da son ranmu ba. Daga harin Damaturu na Nuwamban 2011 hanyoyi suka fara tsuke, a Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Hilux ta zama motar da ake tsoro, ko wane ɓangare ka haɗu da shi sai ya tambaye ka ta wane ne. Na sayar da ita ga wani manomin shinkafa a Haɗeja na koma Kano. Har ta bar hannuna babu winci a jikinta, babu garkuwa, kuma kan injinta bai taɓa buɗuwa ba. Dattijon ya rasu a cikin waɗannan shekarun, Allah Ya jiƙansa Ya sa aljanna ce makomarsa.

Yanzu ina ganin samari na sayen irin waɗannan motoci don noma da fatauci, wasu don kai kayan agaji, kuma kuɗin taya ɗaya a yau ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu. Motocin ma sun canja. Na bayan nan ƙafafun gabansu kowace da nata motsi, masu injin gas na zamani kuma ba sa jure gurɓataccen mai kamar tsohon 3L, don haka mai irinsu ya ƙara matsawa wajen filta fiye da yadda na yi. Wanda ƙasarsa fadama ce ko dutse, lissafinsa zai bambanta da nawa, wataƙila tayar taɓon da aka hana ni ita ce tasa. Roƙona ga duk wanda ya sayi irin wannan mota bana shi ne, kafin ya shiga kasuwar kayan gyara da kuɗi a aljihu, ya fara zuwa tashar garin da zai riƙa shiga, ya nemi tsofaffin direbobin wannan hanya, ya gaishe su da ladabi, ya bar su su leƙa ƙarƙashinta. Suna nan a Yusufari da Gaidam da Nguru, kuma kullum raguwa suke yi.